Waƙar da Ta Same Ni a Hanyar Rabon Wasiƙu

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan ba ku ba wani babban abu ba ne a idon mutane. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya yi haɗari. Waƙa kawai na ji a rediyo. Amma tun daga ranar zaman gidanmu ya karkace, kuma har yanzu ban gano ko gyaruwa ya yi ko lalacewa ba.

Sunana Raylene Stovall, shekarata ashirin da bakwai, ni ce mai rabon wasiƙu a gonakin da ke kewaye da garinmu Pardue, a yammacin Texas. Kullum ban da Lahadi ina cikin mota tun bakwai na safe har biyu na rana. Auduga a dama, auduga a hagu, shanu jefi-jefi, sai manyan fankokin da ke samar da lantarki da iska suna ta juyawa ba su zuwa ko'ina. Akwai ranar da zan gama zagaye kaf ban yi magana da kowa ba sai karen gidan Ochoa, shi ma haushi yake min.

Ƙawayena duk sun watse. Shawna, wadda muka tashi tare, tana Dallas da miji da 'ya'ya biyu. Saƙonta na ƙarshe, "Zan kira ki anjima, ƙawa," ya yi wata uku a wayata. Baba ya rasu shekara uku ke nan, saura ni da Mama a gida mai ɗaki huɗu. Muna cin abinci talabijin na kunne, don kada mu ji ƙarar cokulanmu.

Sai kuma Dalton Pruitt.

Ku tsaya, kada ku zage shi, ba shi da laifi. Babansa ne mai shagon abincin dabbobi da kayan gona, shi ke riƙe da wurin yanzu. Ba ya shan giya, ba ya ɗaga murya, rigarsa kullum a goge take har da kari a hannu. Da iska ta yaye mana kwanon baranda, shi ya hau ya gyara, ya ƙi karɓar ko lemo. Shekara biyu muna tare. Ƙarfe shida da rabi na safe saƙonsa ke shigowa: "Barka da asuba, kyakkyawa. Ki kula da hanya." Ƙarfe shida na yamma: "Kin ci abinci?" Na taɓa jan saƙonnin sama har yatsana ya gaji, wallahi ko waƙafi bai taɓa canzawa ba.

Lahadin da ta wuce waccan, Goggo Verna, yayar Babana, ta biyo mu daga coci da hularta mai furen roba. Mama ta yi soyayyiyar kaza da soyayyiyar kuɓewa da burodin masara. Ko zama ban gama yi ba Goggo ta fara.

"Ke 'yar nan, wai me kike jira? Sai furfura ta fito?"

"Goggo, bari na ci abinci mana."

"Ci, ai bakinki ne ke ci, kunnenki ba ya komai. Uwar Dalton ta tare ni a bakin coci. Asabar mai zuwa suna liyafa a gidansu, dangi kaf. An sayo zobe tun daga Amarillo."

Na dubi Mama. Ta sunkuyar da kai tana zuba shayi mai ƙanƙara, amma murmushi ya tona ta.

"Ashe kin sani, Mama?"

"Yo duk garin ya sani, ke kaɗai ce baƙuwa. Na ciro miki shuɗiyar rigar nan mai ɗigon fari, zan ɗan rage mata ƙugu."

"Yaro kamar Dalton," in ji Goggo tana nuna ni da ƙashin kaza, "in kika sake shi, kafin ya kai ƙasa wata ta cafe. Ga 'yar gidan Beasley can tana lasar baki."

Na yi dariya don su ƙyale ni. A raina kuwa ba komai. Ba murna, ba tsoro, kamar an ce min ranar Asabar za a canza wa mota taya.

Ranar Talata abin ya faru. Rediyon motata tasha biyu yake kamawa, ɗaya ta wa'azi, ɗaya ta waƙoƙin ƙauye irin na yanzu, waɗanda aka wanke aka goge har suna sheƙi: sabuwar mota, yarinya mai gajeren wando, giya mai sanyi, duk murya ɗaya. Na saba barinsu suna ta yi kamar ƙarar firji. To akwai wani ɗan tudu bayan gonar Ochoa, shi kaɗai ne tudu a duk hanyata. Ina hawa sai tashar ta fara yin shuuu, na kai hannu in murɗa, sai wata murya ta faɗo min cikin mota.

Muryar ba ta da daɗi, gaskiya ɗaya ce. A dishe take, kamar ta mutumin da ya tashi daga zazzaɓi, wani wurin ma tana karyewa. Jita ɗaya ce a bayanta, da goge can nesa yana kuka a hankali. Ga abin da yake cewa:

"Na shirya tebur na mutum biyu,
muka zauna mu biyu, na ci ni kaɗai.
Kana tambaya ko gishiri ya ji,
ni ina jira ka tambayi inda na tafi."

Ban san lokacin da na taka burki ba. Na tsaya a gefen titi, wasiƙun mutane a cinyata, na riƙe numfashi kada motsina ya kore tashar. Ya ci gaba da labarin wata mata mai ɗaga wa jirgin ƙasa hannu kullum, alhali ba ta san kowa a ciki ba. Ba ya roƙon a tausaya masa, faɗa kawai yake, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Ni da ban yi kuka ba ko a wurin binne Baba, sai ga ni ina shessheƙa har da majina, ina gogewa da hannun rigar aiki.

Waƙar ta ƙare. Wata mata ta fara magana, ta ambaci sunan tashar, tana zuwa sunan mawaƙin wata babbar motar shanu ta wuce fuuu, rediyo ya koma yin shuuu. Na yi baya da mota, na yi gaba, na ɗaga eriya da hannu. Shiru. Har wata saniya da ke bakin shingen waya ta tsaya tana kallona.

Da na tashi aiki na nemo lambar tashar a waya. Ashe wata 'yar ƙaramar tasha ce ta masu sa kai a Lubbock. Sau uku ina kira ina kashewa kafin wata mata ta ɗauka.

"Don Allah, wata waƙa kuka sa wajen sha ɗaya na safe, ban ji sunan mai ita ba."

"'Yata, waƙa nawa muka sa yau? Me yake cewa?"

"Maganar tebur... da gishiri."

"Duk mawaƙan nan ba wanda ba shi da tebur. Rera min."

"Ni? Ban iya ba fa."

"Shi ma bai iya ba, ai ba ki ga ya fasa ba. Rera."

Masu karatu, a filin ajiye motoci na gidan waya, na rufe ido na rera wa matar da ban sani ba. Ina gamawa ta ce, "Ayya. Hollis Renfro ya kama ki. Sannu. Yau kika fara jinsa?"

"Yau."

"Kai, ina ma ni ce. Shekara ashirin yana abin nan, manyan tashoshi ba sa sa shi, wai muryarsa kamar ƙofar rumbu. Ki fara da faifansa na biyu. Kuma in kina da mota, ranar Asabar yana wasa a nan Lubbock, ƙarfe bakwai, a wani tsohon ɗakin ajiyar auduga. Wurin bai ci mutum ɗari ba."

Asabar. Na ce na gode, na kashe.

Kwana biyu ban ji komai ba sai Hollis Renfro. Na sauke faifansa guda biyar a waya. Na gano ya yi aikin haƙar rijiya, ya yi tuƙin tirela, bai fara waƙa ba sai da ya haura talatin. Mutanen cikin waƙoƙinsa na san su: mai wankin kwanuka a gidan abinci, tsohon da ke sayen katin gaisuwa bai da wanda zai aika wa, yarinyar da ta zauna a gari don kowa ya tafi, ba mai kula da uwarta sai ita. Wannan ta ƙarshe sai da na kashe ta a tsakiya. Kunya ta kama ni, kamar wani ya leƙo ni ina wanka. Duk shekarun nan na ɗauka wani ciwo ne da ni wanda ba shi da suna. Ashe akwai wani bawan Allah can da ya san shi har ya sa masa kiɗa.

Ranar Alhamis Dalton ya ɗauke ni mu sha askirim. Motarsa fara tas, tana ƙamshin sabulu. Na ce, "Bari in sa maka wani abu."

"Sa mana, kyakkyawa."

Na sa waƙar teburin. Ina satar kallon fuskarsa. Layi ɗaya, layi biyu, sai ya yi dariya.

"Wannan mura ke damunsa ne?"

"Ka saurari abin da yake cewa."

"Ina ji. Af, na faɗa miki an kawo mana sabon injin ɗaure ciyawa? Baba ya ce..."

Ya yi ta bayanin injin har waƙar ta ƙare. Da ya dubi fuskata sai ya dafa hannuna. "Yi haƙuri. Tana da daɗi. Sai dai ni ban ga abin da zai sa mutum ya zauna yana jin abin da zai ɓata masa rai ba. Ke da ba ki rasa komai ba."

Na ce, "Haka ne." Askirim ɗin ya narke min a hannu. A daren ban jira komai ba, na sayi tikiti ɗaya ta waya, ban ma san ko zan je ba.

Juma'a da yamma ina yanka albasa a kicin, Mama na bakin tebur da allura tana rage rigar. Na jingina wayar da tulun sukari na kunna a hankali, na ɗauka hankalinta na kan ɗinki. Da ya zo wurin gishirin nan sai na ji allura ta tsaya.

"Wane ne wannan?"

"Wani ne, Hollis Renfro. In kashe?"

"Mayar da ita farko."

Na mayar. Ta ji har ƙarshe, tabarau a kan hanci, idonta a kan kujerar Baba da ba wanda ke zama a kai. Sannan ta cire tabarau ɗin ta goge da gefen siket.

"Wannan mutumin ya taɓa aure," in ji ta.

"Mama?"

"Shekara talatin da ɗaya na yi da ubanki a teburin nan. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Kuma bai taɓa tambayata me nake tunani ba, ko sau ɗaya. Akwai shekarar da na daina magana da gangan, in ga ko zai lura. Kwana tara. Ran na goma ya ce, Glenda, kwanan nan gidan ya yi daɗi."

Ta yi 'yar dariya, ni kuwa wuƙar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Ban taɓa jin Mama ta faɗi aibin Baba ba.

"To Mama, kin san haka, me ya sa kike tura ni?"

"Saboda na ɗanɗana duka biyun, Raylene." Ta mayar da tabarau. "Na yi kaɗaici da mutum a gefena, yanzu ina yi ba kowa. Wancan ya fi sauƙi. Ko ba komai akwai mai tari a ɗaki ki san ba ke kaɗai ce mai rai ba. Ni ba dawwama zan yi ba. Ranar da na tafi, wa za ki shirya wa tebur?"

Na ture albasar gefe. Na ce a hankali, "Gobe yana wasa a Lubbock. Na sayi tikiti."

Ta daɗe tana kallona. Na jira faɗa, na jira ta kira Goggo Verna. Sai ta ciji zaren ta tsinke shi, ta miƙo min rigar.

"Gwada. Duk inda za ki, ba za ki je min da kayan aiki ba. Amma ki ji da kyau: ba ta waya za ki faɗa wa yaron nan ba. Ki je ki dubi idonsa. Bai ci wulaƙanci ba."

Asabar ƙarfe uku na shiga shagon Pruitt cikin shuɗiyar riga da takalman fata na Mama. Dalton na bayan kantar shagon, ya yi sabon aski har wuyansa ya yi ja. Yana ganina fuskarsa ta washe.

"Kai! Ai sai shida, kyakkyawa. Ko ɗokin ne?"

"Dalton, ba zan zo ba."

Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya zame. Wani manomi da ke duba igiya ya ajiye ta ya fice.

"Ba ki da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau. Lubbock za ni, jin mawaƙin nan."

"Mai murar?"

"Shi."

"Raylene, Innata, 'yar'uwar Mama, ta zo tun daga Oklahoma. Mama ta kwana tana gashin nama. Kin san abin da..." Ya taɓa aljihun rigarsa, ya sauke hannu. "Kin sani ai."

"Na sani. Shi ya sa. In na zo yau, a gaban mutane arba'in, e zan ce. Kuma ban san ko ni ce zan faɗa ko kunya ba."

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba."

"To me ban yi ba?"

Wallahi tambayar nan ta fi mari zafi. Ya jira, ya jira, sannan ya juya ya fara jera gwangwanayen maganin kaska da suke a jere tun da.

"Ki kula da hanya," in ji shi, bai waiwayo ba.

Awa biyu da rabi na yi ina tuƙi ban kunna komai ba. Goggo Verna ta kira sau bakwai. Saƙonta na farko: "Ke wace irin yarinya ce?" Na biyu: "Ubanki na kabari yana juyi." Na uku hoton hularta ne, ina jin kuskure ta yi. Shawna kuwa, da ba ta neme ni wata uku ba, sai ga ta: "Ƙawa, wai da gaske ne???" Ashe labari ya riga ni fita gari. Na kifa wayar a kujera.

Ɗakin ajiyar audugar na bayan layin dogo. Kujerun ƙarfe ne masu naɗewa, da ƙwayayen fitila a rataye da igiya. Mutane ba su fi saba'in ba: tsofaffi masu gemu, 'yan jami'a, wata mata da kayan asibiti ba ta ko canza ba. Kowa da nasa, bibbiyu, uku-uku. Ni kaɗai na zo da rigar liyafa, ni kaɗai na zo ni kaɗai. Na zauna layi na huɗu, na ɗora jaka a kujerar gefena don kada ta yi kama da wadda aka ƙi zama a kai. A raina na ce, Raylene, kin bar gida cike da masu sonki kin zo kin zauna cikin baƙi, wannan wane irin magani ne?

Bakwai saura biyar wani ɗan tsamurmurin dattijo ya fito daga gefe, riga a yamutse, jita a hannu. Na ɗauka mai gyaran kaya ne, sai na ji ɗakin ya ɗauki tafi. Ya zauna a kan kujera irin tamu, ya fara ɗaure tsirkiya, yana tari.

A lokacin wayar ta yi motsi a jaka. Na ce Goggo ce. Na ciro don in kashe gaba ɗaya, sai na ga sunan Dalton. Kuma ba layi ɗaya ba ne kamar kullum.

"Na ce wa su Baba a ci nama a watse, ni na ɗaga maganar. Ban ce ke ce ba. Ina zaune a mota bayan shago tun biyar. Na nemo mutumin nan naki, na ji ta teburin sau huɗu. Raylene, ni ne mai tambayar gishirin ko? Shekara biyu. Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

Na karanta sau biyu. Kafin in motsa wani saƙon ya sake shigowa.

"Ni ma ba kullum nake lafiya ba. Ban san ana faɗa ba ne."

Aka rage fitilu. Dattijon ya matso da bakinsa kusa da lasifika ya ce, "Sannunku da zuwa. Wanda ya zo shi kaɗai, ya matso gaba, akwai wuri." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na sunkuya a kan wayar na rubuta, "Saboda," na tsaya. Yatsana na sama da haruffa, ban san kalmar da ke biye ba, kuma ina ganin alamar Dalton yana can a kan layi yana jira.

Hollis Renfro ya kaɗa tsirkiyar farko.